Zabira Marar Ɗinki

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa duwatsu, ya haƙa teku ya cika ta, ya ajiye a gindinta halittun da bai nemi shawarar kowa ba kafin ya yi su. Bayan haka, ni ne Anaruwa ɗan Barmo, baduku jikan baduku, mutumin Birnin Tsamau. Na taka ƙasashe, na sha ruwan rijiyoyin da ban san sunansu ba, na sauka inda hasken rana bai taɓa sauka ba. Duk wanda ya zo don ya ji labarin matafiyin da ya dawo da raƙuma niƙi-niƙi da dukiya, ya kama gabansa tun yanzu, domin abin da na dawo da shi ko tafin hannu bai cika ba.

Ubana Barmo shi ne Sarkin Dukawan garinmu. Idan ka miƙa masa kube ko laya, sai ya shafa da ɗan yatsa ya gaya maka wanda ya ɗinka, har da ko maɗinkin ya karya kumallo ranar. Wata shekara wani falke da ya sauka a gidanmu ya bar masa tsaraba: wata zabira baƙa-baƙa, siririya a kai da gindi, mai kumburi a tsakiya, da 'yar geza a gefe-gefe. Bakinta a tsage yake, cikinta fayau. Baba ya juya ta ya sake juyawa, ya leƙa, ya shanshana, ya lasa. Washegari ya kai ta rumfar dukawa ya ce ga fatar da aka haɗa ba ɗinki, kuma a wani wuri a duniya akwai gwanin da ya fi mu duka.

Korau, wani baduku da ya daɗe yana kallon buzun sarautar da Baba ke zama a kai, ya karɓa ya duba a wulaƙance.

"Barmo, babu fatar da ke haɗuwa ba zare," in ji shi. "Daga ciki aka ɗinka ta aka shafe da ɗanko. Zaren ya ruɓe ya zube tun a hanya. Da sabuwa ce da ka gan shi. Idonka ne ya fara gajiya, ba wani gwani."

A al'adar dukawan Tsamau, Sarkin da ɗinki ya ɓace wa idonsa sauka yake yi. Haka kakanninmu suka bar mana, kuma ba a taɓa karyawa ba. Aka yi ta ja-in-ja har damina ta wuce, ƙarshe suka naɗe buzun Baba suka aiko masa da shi gida, Korau ya hau. Baba bai yi faɗa ba. Sai dai ya koma zaure ya zauna da zabirar a cinya, duk wanda ya shigo ya ce masa, "Shafa ka ji, akwai ɗinki?" Mutane suka fara kewaye ƙofarmu. Ranar da na ji wani da Baba ya koya wa riƙon basilla yana kwaikwayon muryarsa a kasuwa, na koma gida na ce masa zan tafi in nemo maɗinkin zabirar, ko in kawo shi, ko in kawo shaidar da za ta rufe bakin Korau.

"Ka kawo sabuwa," in ji Baba. "Sabuwa fil, wadda ba a buɗe ba. Sai su nuna mini zaren."

Bai yarda in tafi da tasa ba. Na ɗinka irinta da fatar akuya don in riƙa nuna wa mutane, duk da kunyar ɗinkin da ke jikinta.

Na bi ayari har Birnin Rufau, garin da ganuwarsa ke da tsawon da tsuntsu sai ya huta kafin ya ƙetare. Sarkinsu yana son masu sana'a irin son da kura ke yi wa akuya: kowane ya shiga ba ya fita. Suka ga basilla a jakata, suka ɗaure ni a bakin wata rijiya mai cin guga, na yi ta ɗinka musu gugan da igiya ke yagawa. Na nuna zabirata ga duk fursunan da ke wurin, sai wani tsohon maƙeri ya ce ya taɓa ganin irinta a wuyan mutanen bakin teku, can kudu. Da lokacin fitar da dabino ya yi, aka sa ni ɗinke bakin taikunan da raƙuma za su ɗauka. Na rage dabinon taikin ƙarshe, na shiga, na jawo bakin na ɗinke daga ciki. Masu gadin ƙofa suna duba kowane taiki, amma nawa suka shafa suka yaba, har ɗaya yana cewa bai taɓa ganin baki mai tsabta haka ba. Ina cikin duhun nan, raƙumi na jijjiga ni, sai zuciyata ta raya mini cewa ga shi ni da kaina na ɓoye zare an kasa gani. Shin ko Korau ne mai gaskiya? Na tsani kaina saboda wannan tunani, amma bai bar ni ba sai da na ga teku.

Kafin teku akwai Kogin Juyau, wanda da safe yake gudu gabas, da yamma ya juya yamma. Masu fiton wurin sukan ɗauki baƙo su tsaya a tsakiya daidai lokacin juyawa, ruwa ya kai su garinsu su bautar da shi. Na yi musu sallama da fara'a na ce ni ba ƙetarewa zan yi ba, wanka na zo. Na hura salkata na ɗaure bakinta, na kwanta a kai, kogin da kansa ya ajiye ni a wancan gefe suna kallo.

Daga nan na isa Tsibirin Zurma. Mutanensa ba sa noma, ba sa kiwo sai 'yan awaki. Igiya ce dukiyarsu, doguwa wadda kaka ke fara tufkawa jika ya ci gaba, da ita suke zura kwanduna can ƙasan teku su jawo abinci. Na zauna cikinsu har na iya harshensu, sannan aka kai ni wurin Yaluma, tsohuwar da ke shugabantar masu igiya. Na durƙusa na miƙa mata zabirata ta fatar akuya. Ta dube ta, ta dube ni, ta yi dariya har da tari. Ta ja hannuna zuwa bayan tsibirin inda ruwa ke zubar da tarkace, sai ga su nan birjik a cikin ciyawa, irin ta Baba sak, awaki na tattakawa.

"Inna, ina gidan maɗinkin?" na tambaye ta.

Ta nuna ƙasa da sandarta. "Ba maɗinki ba ne, baƙo. Ɓawon ƙwai ne. Na zomon zurfi, wani kifi da ke zaune inda ko mu ba ma zuwa sai da dalili."

Na zauna a kan yashi. Baba ya yi kuskure, babu wani gwani. Amma Baba ya yi gaskiya, babu ɗinki, kuma a kan ɗinki aka naɗe buzunsa. Na ce mata ba zan koma da maganar baki ba, sai na gani, sai kuma na tafi da wanda ba a ƙyanƙyashe ba.

Zurmawa suna da wani ƙaton tulu na ƙarau, wato gilashi, wanda mutum biyu ke shiga a zura su. Ya daɗe a ajiye don fatar da ke toshe bakinsa ta ruɓe, kuma ba su da baduku. Na jeme fatar wata dabbar ruwa na yi masa murfi, na ɗinka ninki kan ninki na cike da kitse. Ladana shi ne a sauka da ni. Ba a shiga da fitila don wuta na cinye numfashi, sai Yaluma ta riƙo ƙwarya cike da wasu 'yan halittun ruwa masu ƙyalli. Aka rufe mu da hantsi aka fara sakin igiya.

Ruwan ya fara kore, ya koma shuɗi, ya koma baƙi ƙirin. Sanyi ya shigo har haƙorana suka riƙa karo, ƙarau yana ƙara kamar zai tsage. Da muka dira a kan laka, Yaluma ta girgiza ƙwaryar, haske ya ɗan bazu. Ba mu jima ba sai ga wasu manyan idanu biyu kore shar suna mayar mana da haskenmu.

Zomon zurfin ya taho a hankali, ba ya kaɗa wutsiya irin ta kifayen da na sani, sai dai ya riƙa kaɗa fikafikansa na gaba masu faɗi kamar shirwa a sama. Kansa babba ne, jikin yana raguwa yana raguwa har ya ƙare da wutsiya siririya irin ta gafiya. Ba shi da ɓawo ko ɗaya, fatarsa sumul, fari-fari mai toka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fuskarsa: layuka ne suka ratsa ta ko'ina, kai ka ce yanki-yanki aka haɗa aka ɗinke. Yaluma ta ce da waɗannan layuka yake jin motsin abin da ke ɓoye a laka. Na ga ya tona da hanci ya ciro ƙaguwa, ya murƙushe ta da haƙoransa masu faɗi irin na zomo, waɗanda ta ce ba sa zuba, girma suke ta yi yana gogewa. A gaban fiffiken bayansa akwai ƙaya guda a tsaye. Wanda muka fara gani namiji ne, don yana da 'yar ƙugiya a goshi da yake riƙe mace da ita. Can sai macen ta gifta, ƙwai biyu na reto a ƙarƙashinta. Ta goga ciki da laka, ta bar su nan ta wuce, ko waiwaye babu.

"Haka take," in ji Yaluma a kunnena. "Biyu-biyu, kuma ba ta zama gadi. Ɗan zai zauna a ciki kusan shekara yana cin gwaiduwarsa, sannan ya tsaga baki ya fito da kamannin uwarsa. Babu ƙashi a jikinsu, guringuntsi ne zalla. Kakanninmu sun ce sun girmi duwatsu. Ba sa gaggawar komai, shi ya sa mu ma ba ma ɗiban musu. Ɗaya za ka ɗauka."

Akwai kwando a jikin tulun daga waje, da zare ake sarrafa shi. Ba mu taɓa sababbin ba. Ta zaɓo mini wanda ya ɗan kwana biyu a laka, muka ja igiyar alama aka fara ɗaga mu, kaina na sarawa saboda ƙarancin iska. Da aka buɗe mu na yi wuf na zura hannu a kwandon, ban san wani ƙaramin zomon zurfi ya shige ciki ba. Ƙayarsa ta shiga tafin hannuna na dama. Dafi ne da ita. Hannun ya kumbura har kafaɗa, na yi jinya, kuma da ya saɓe sai babban yatsa da manuniya suka ƙi lanƙwasa. Har yau ba su riƙe basilla ba. A lokacin ban damu sosai ba, gani nake na saya wa Baba buzunsa da su.

Da na warke Yaluma ta ɗaga ƙwan a gaban hasken safiya na ɗan lokaci. Ta cikin fatar na ga inuwa, ɗan abu mai kai da doguwar wutsiya, yana juyi.

"Ruwan teku, sanyi, duhu," in ji ta. "In ya rasa ɗaya daga ciki, gawa ka ɗauko. In ka kai shi da rai, ka ɗaga wa mutanenku su ga yana motsi. Ko ku jira ya fito da kansa, ba mai gardama da wannan."

Na sa shi a tulun ƙasa, na naɗe tulun da tsumma na jiƙa, yadda matanmu ke sanyaya ruwa. Da aka ƙetare da ni gaɓa, na ɗora wa jaki salkunan ruwan teku don canji. Tsoron Rufau ya sa na yi zagaye ta hamada. Da rana in tsaya in haƙa rami in binne tulun har wuya in yi masa inuwa da rigata, da rana ta yi sanyi in ci gaba. Ruwan sha ya fara ƙarewa, sai na raba: kurɓi ɗaya nawa, saura na tsumma. Kowace safiya in ɗaga shi in leƙa, in ga ya ƙara girma, gwaiduwar ta ragu. Har hira nake masa. Ina ba shi labarin Baba, da yadda fuskar Korau za ta koma. Ban taɓa son wani abu mai rai kamar yadda na so ɗan kifin nan ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Jakin ya mutu ana ganin ganuwar Tsamau. Na rungumi tulun na ƙarasa da ƙafa, zazzaɓi na girgiza ni. Abin da na iya tunawa shi ne zauren gidanmu, da Gwaggo Tabawa, ƙanwar Baba, tana salati, ni kuma ina cewa a kai tulun ɗaki mai duhu, kada a taɓa. Sun ɗauka sambatun zazzaɓi ne.

Ban san kwanakin da na yi ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo na ga Baba a bakin gadona, ya rame, idanunsa sun yi fari-fari, amma fuskarsa cike da murna.

"Sannu, Ana. Ka kawo ta. Sabuwa fil, baki a rufe, yadda na ce." Ya ɗan ɓata fuska irin ta uba. "Amma kai, ɗan baduku guda, ka bar fata a ruwa? Ruwan ma mai gishiri, har ya fara wari. Allah ya so na zura hannu na ji ta. Da ta lalace."

Ya ciro ta daga aljihu. Ya shanya ta a inuwa, ba a rana ba, yadda gwani ke yi. Ya murza ta da man shanu kullum har ta yi ƙyalli. A duk aikin da na taɓa gani ya fito daga hannunsa, babu wanda ya kai wannan kyau. Na karɓa na ɗaga ta a hasken taga. Babu abin da ya motsa.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da ƙaya ta shige ni. Gwaggo ta ce zazzaɓin ne ya dawo. Na gaya wa Baba komai, tun daga tulun ƙarau har idanun nan kore. Ya yi ta juya zabirar a hannunsa. Na san labarin gwanin da ya ɗauka a ransa duk shekarun nan ne yake binnewa.

"To babu maɗinki," ya ce a ƙarshe. "Amma babu ɗinki."

"Babu, Baba."

"Shi ke nan. Gobe rumfa."

Na roƙe shi ya bari. Na ce abin da ke ciki ya mutu, ban san yadda ya koma ba. Bai saurare ni ba.

Rumfar ta cika maƙil. Na tsaya na ba da labarina, kuma tun daga kifi mai haƙoran zomo aka fara murmushi. Da na kai ga ƙugiyar goshi sai dariya ta ɓarke. Korau ya bari suka gama, sannan ya ce cikin ladabi, wanda ya fi zagi ciwo:

"Yaro ya sha rana, a yi masa uzuri. Barmo, magana ɗaya ce. Ga sabuwa ka samu. Tsaga mu gani. In kifi ne, buzu naka ne."

"Ɗana ba ya ƙarya," in ji Baba.

Ya zaro askarsa. Ya tsaga gefen zabirar tsaf daga sama har ƙasa, ya buɗe ta a kan tabarma, kawuna suka haɗu a kanta.

Ɗan kifina ya bushe ya ƙanƙance ya manne a bango. Babu fiffike, babu ido, man shanu ya jiƙa shi ya yi baƙi. Abin da ya rage shi ne ɗan ƙulli a gefe ɗaya, da wani siririn abu dogo da ya bi tsawon zabirar ya nannaɗe a gindi. Korau ya sa tsinke ya ɗago shi, ya ɗaga sama kowa ya gani.

"Ga zaren," ya ce. "Har da ƙullinsa."

Na yi ta faɗa cewa wutsiya ce, ƙullin nan kai ne, ni na gan shi yana juyi. Ba wanda ya ko dube ni. Mutanen da suka kwashe rayuwarsu suna tsefe tsohon ɗinki sun san zare idan sun gani, kuma abin da suka gani ke nan. Baba ya miƙa hannu aka sa masa. Ya murza shi a hankali tsakanin yatsun nan da ba su taɓa yi masa ƙarya ba, daga ƙullin har ƙarshe, ya sake komawa. Ina kallon fuskarsa ina addu'a.

"Zare ne," in ji shi. "Korau, ka yi gaskiya. Idona ne ya mutu."

Ya ajiye askar a kan tabarma, ya dafa kafaɗata ya miƙe. A hanyar gida bai yi mini faɗa ba, bai ce na yi ƙarya ba. Sai da muka kai zaure ya shafa hannuna mai yatsun da suka sandare, ya ce:

"Na san don ni ka ƙirƙiro kifin nan, Ana. Allah ya yi maka albarka. Amma kada ka ƙara faɗa wa kowa."

Bai ga wata damina ba. Na riƙe masa maganarsa har aka rufe shi, kuma yau ne na karya ta.